Ruwan da Baba Issah Ya Ciyar

Duk wanda ya zauna a rukunin gidajen nan na Sterling, a Amurka, da ke bayan babban titi ya san Baba Issah, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo mai ɗan ranƙwafawa da ake gani da sassafe yana gangarawa kududdufi, kujerar roba a hannu ɗaya, sandar fatsa da bokiti a ɗaya hannun. Kududdufin ba wani abin a zo a gani ba ne. Haƙa shi aka yi don ruwan saman da ke gangarowa daga rufin gidaje da wurin ajiye motoci ya sami makwanci. Mai ƙarfin damtse zai iya jefa dutse daga wannan gaɓa ya sauka a waccan. Amma akwai kifi a ciki, akwai bishiya guda mai inuwa, kuma in jirgi ya tashi daga filin jirgin Dulles sai ka ga farin cikinsa ya ratsa ta fuskar ruwan.

A Yeji ta ƙasar Gana aka haife shi, bakin ruwan Volta, cikin gidan masunta. Kafin ya iya riƙe allo ya iya ɗaura ƙugiya. Mahaifinsa ba ya jefa ƙugiya sai ya dunƙula dusa da laka ya jejjefa inda yake so kifi ya taru. Dabarar masunta ce, amma shi tsohon ba ya kiranta dabara, ladabi yake kiranta.

"Ba a zuwa wa ruwa hannu rabbana," yakan ce. "Ka ba shi, ya ba ka."

Volta kuwa ta fi ƙarfin dusa. Duk abin da aka zuba mata, kafin hantsi ta haɗiye shi, ko alama ba za ka gani ba.

Da ya zama saurayi ya tafi Kumasi ya koyi tuƙi. A zango, unguwar Hausawa, ya haɗu da Ajara, wadda take taya uwarta sayar da koko da ƙosai. Ya sha kokon da bai yi niyyar sha ba na tsawon damina guda kafin ya iya buɗe baki ya ce mata wani abu ban da "ƙaro sikari". Takardar zuwa Amurka ma ita ta faɗo wa, ba shi ba, abin da ta riƙa yi masa gori da shi har ƙarshen rayuwarta. "A bayana na goyo ka zuwa ƙasar nan," takan ce in sun yi ɗan saɓani. Da 'yarsu ɗaya suka zo, Shamsiya, tana ƙarama.

A filin jirgi ya sami aiki, tura tsofaffi da marasa lafiya a keken guragu daga ƙofar jirgi zuwa inda danginsu ke jira. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Da ya ajiye aiki, kududdufi ya zama ofishinsa.

Ita Ajara ba ta bar koko ba. Suna ne, walima ce, buɗe-baki ne a masallaci, ita ake nema. In ta tace ƙullu, dusa takan rage, kuma a gidan Ajara ba a zubar da abinci. Ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi ƙasa, sai ta sunkuya ta tsince. Takan ce abincin da aka zuba a bola yana kai ƙarar mai gidan. A Kumasi akwai akuya, akwai kaji, akwai maƙwabta. A nan babu akuya, sai wani babban kwandon shara mai murfi a bakin gini. Don haka sai ta riƙa ƙulla masa dusar a leda.

"Ungo, kai wa awakinka na ruwa."

Dunƙule biyu ko uku yake jefawa, sannan ya sa tana a ƙugiya. Da wuya ya koma gida babu tarwaɗa. Ajara ta karɓa tana mita, wai warin taɓo take, ta wanke da lemun tsami, ta soya da barkono, sannan ta fi shi ci. Haka abin ya yi ta tafiya shekara da shekaru: ɗan kaɗan ya shiga ruwa, kifi mai nauyi ya fito. Babu wanda ya tsara haka, kuma ruwan bai taɓa nuna damuwa ba.

Abokin hirarsa a bakin ruwa shi ne Davou, maƙwabcinsu, mutumin Bukuru ta Jihar Filato, ma'aikacin jinya ne a wani asibiti. In ya taso daga aiki da safe, maimakon ya wuce ya kwanta, sai ya gangaro da kofin shayi a hannu.

"Sarkin Ruwa, ran ka ya daɗe! Yau wa aka kama, wa aka yi wa afuwa?"

"Likita, matsa can, inuwarka tana korar mini kifi. Ɗan dutse me ya sani game da ruwa?"

"Ni dai ban ga ruwa a nan ba, Baba. Wannan ai kaskon wanka ne."

"Kaskon wankan da kake cin tarwaɗarsa kana lashe yatsu."

A ƙarshen hunturun da ya wuce Allah ya yi wa Ajara rasuwa. Ciwon bai daɗe ba. Bayan an share makoki, Shamsiya, wadda take aiki a kantin magani a Silver Spring, ta ce ya tattara ya koma wurinta. Gidanta yana can saman wani dogon bene, sai da lif ake hawa, in ka leƙa taga titi da motoci kawai za ka gani. Baba Issah ya ce ba inda za shi. A ɗakin nan tukwanen Ajara suke, matatarta tana rataye inda ta bar ta, kuma ga ruwa a ƙasa.

"To Baba, mu yi magana ɗaya," in ji Shamsiya. Hausarta takan yi ɗingishi in ranta ya ɓaci, Turanci ya riƙa leƙowa. "In kana cin abinci, kana fita kana shan iska, zan bar ka. Ranar da na ga ba ka ci, zan zo da akwati, ba tambaya."

"Na ji."

"Ka yi alkawari."

"Na ce na ji, Shamsiya."

Matan zango mazauna Amurka suka ɗauki nauyin abincin. Hajiya Haleema, aminiyar marigayiya, ita ta raba musu kwanaki. Sai dai babu macen zango da ta iya dafa abincin mutum ɗaya. Wannan ta kawo waakye, shinkafa da waken nan na mutanen Gana, roba cike har murfi ba ya rufuwa. Waccan ta kawo dokunu, curin ƙullun masara mai tsami, da soyayyen kifi. Wata tuwo da miyar kuɓewa da naman akuya. Kowacce tana so a ce nata ya fi.

Shi kuwa abinci ya ƙi ciyuwa. In ya kai loma baki sai ta zama kamar auduga. Ba gishirin Ajara ba ne, ba hannunta ba ne, kuma babu mai zama a gabansa tana cewa ya cika saurin ci. Shayi da ɗan burodi kawai ke wucewa. Firij ya cika, abinci ya fara tsami.

Ya yi tunanin ba Davou, amma Davou ma'aikacin jinya ne, zai tambaya, kuma yana da lambar Shamsiya. Ya yi tunanin kaiwa masallaci, amma kowace mace ta san robarta, zango kuma ba ya riƙe sirri. Wata safiya ya ɗauki robar shinkafa ya sauka har bakin kwandon shara, ya ɗaga murfin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da murfin a hankali, ya juya ya nufi kududdufi.

Kifaye suka taso kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Rabon da ya ji sanyi a ƙirjinsa tun kafin ciwon Ajara. Abinci bai je bola ba, bayin Allah sun ci, ladan ya kai mata. Ya wanke robar tas ya kife.

Daga ranar ya zama aikinsa. Bayan sallar asuba ya juye abincin jiya a bokiti, ya rufe, ya gangara kafin mutane su fito. Fatsa ma ya daina, don wa zai soya? Sandar yana zuwa da ita ne kawai don kada a tambaye shi, ya jingine ta a jikin bishiya babu ko ƙugiya. Akwai wata ƙatuwar kifi mai manyan ɓamɓaroki kalar tagulla, irin waɗanda ake kira kaf a nan, wadda take ture kowa ta ci gaba. Ya raɗa mata Magajiya. Har ta saba da shi, tana zuwa dab da ƙafarsa.

Amma kifin kududdufi nawa ne, cikinsu kuma nawa ne? Su ci abin da za su iya, sauran ya nutse ƙasa. Man miya ya riƙa yawo a sama yana ƙyalli.

Hajiya Haleema in ta zo karɓar robobi sai ta ce, "Masha Allah, Alhaji, ka cinye tas! Gobe zan ƙara." Shamsiya in ta zo ranar Lahadi ta buɗe firij ta gan shi wayam, hankalinta ya kwanta. Da babbar riga yake tarbarta, babbar riga kuwa ba ta tona asirin mai ita.

Bazara ta shigo da zafi, ruwan sama ya ɗauke. Kududdufin ba ya amayar da komai sai an yi ruwa mai ƙarfi, ga shi ba a yi ba. Ruwan ya fara sauya launi, har ya koma kore shar kamar miyar kuka.

"Baba, ruwan nan ba shi da lafiya," in ji Davou wata safiya, yana toshe hanci. "Har yanzu kana jefa musu dusar nan?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Ka rage. Wannan ba Volta ba ce, ba shi da ƙofar baya. Abin da ya shiga ya zauna ke nan."

"Kai da ka iya auna zafin jikin mutum, yanzu har na ruwa? A wurinmu koren ruwa shi ne ruwa mai ƙiba. A cikinsa karfasa ke yin mai."

"Ƙiba ma ai ciwo ce in ta yi yawa. Zo asibitinmu ka gani."

"Je ka kwanta, Likita, barci ne a idonka."

Davou ya yi dariya ya tafi. Bai ga cikin bokitin ba, a rufe yake ƙarƙashin kujera.

Sai aka shiga wasu kwanaki na zafi mai nauyi, hadari ya rufe sama amma ya ƙi zubowa, ko ganye ba ya motsi. Da asuba Baba Issah ya tarar da kifayen duka a saman ruwa, bakunansu a waje, suna buɗewa suna rufewa. Ƙanana da manya, har tarwaɗar da ba ta son haske. Magajiya tana tsakiyarsu.

Tausayi ya kama shi. Ya ɗauka yunwa ce, ya ɗauka shi suke jira.

"Ku yi haƙuri, na makara," ya ce, ya juye musu bokitin duka. Ba wanda ya taɓa. Ya koma sama ya kwaso abin da ya rage a firij, ya ƙara musu.

Washegari tun daga matakala wari ya tarbe shi. Fuskar ruwan ta yi fari da cikin kifaye, iska ta tura su gaɓa sun jeru kamar an shanya. Ya ajiye bokitin, ya shiga ruwan da tufafinsa har gwiwa, yana ture gawarwakin da hannu, har ya sami Magajiya. Ya rungumo ta zuwa gaɓa ya kwantar a kan ciyawa, ya zauna kusa da ita. A haka Davou ya same shi. Ya yi ya yi da shi ya tashi, dattijon ya ƙi. Sai Davou ya koma gefe ya kira Shamsiya.

Kafin ta iso, masu kula da gidajen sun turo wata Baturiya mai dogayen takalman roba, da kwalabe da wani ƙarfe mai igiya da take tsomawa a ruwa. Ta duba abin da ya nuna, ta girgiza kai. Ta sa wani dogon ludayi ta kwaso ƙasan ruwan daga daidai inda kujerar take, sai ga baƙin taɓo mai ɗoyi, da kumburarriyar shinkafa, da ƙasusuwan kaza. Ta yi bayani mai tsawo. Baba Issah yana jin Turanci, amma ba irin wannan ba, kuma ba yau ba. Davou ya tsuguna a gabansa.

"Baba, ga abin da ta ce. Abinci a cikin ruwa taki ne. Wanda kifi ya ci, yana fitowa ta baya ya zama taki. Wanda bai ci ba, ya ruɓe a ƙasa, ruɓewar kuma tana shanye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Takin shi ya ciyar da gansakukar nan har ta yi kore haka. Da rana tana ba ruwa iska, in duhu ya yi sai ta koma tana sha. Ruwan zafi kuma dama ba ya riƙe iska sosai. Kafin gari ya waye, babu saura."

"Jiya da suka taso sama..."

"Numfashi suke nema."

Baba Issah ya dubi hannuwansa. "Ni kuwa na ba su shinkafa."

"Ta ce ba kai kaɗai ba ne. Takin da ake zuba wa ciyawar nan yana gangarowa, ga kashin agwagin dajin nan. Dama ruwan a ƙoshe yake. Naka dai shi ya cika shi ya tumbatsa."

"Da can ma ina ba su, ba abin da ya faru."

"Da can kaɗan kake bayarwa, kuma kana fitar da kifi. Kowace tarwaɗar da Mama Ajara ta soya, wani taki ne ya bar ruwan."

Dattijon ya ce, "Tambaye ta, in na daina, zai warke?"

Davou ya tambaya. Matar ta yi magana a hankali, tana kallon taɓon da ke cikin ludayi.

"Ta ce taɓon ƙasa ya riƙe takin, zai riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ba bana ba."

"Baɗi fa?"

Davou bai fassara wa matar wannan tambayar ba.

Shamsiya ta gangaro da gudu, da rigar aiki a jikinta. Ta ga mahaifinta a jiƙe, ta ga kifaye, ta ga shinkafa da ƙasusuwa a kan ciyawa. Sannan ta ga bokitin. Ta ɗaga murfin. Waakye ne na Hajiya Haleema, da ƙwansa da taliyarsa, ko cokali bai shiga ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa. Rigar ta jiƙe ta manne, babu abin da take ɓoyewa kuma. Yatsunta biyu suka zagaye hannun har suka haɗu.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ban zubar ba, Shamsiya. Ko sau ɗaya ban kai bola ba. Mamanki..."

"Mma ba ta ce ka kashe kanka da yunwa ba." Muryarta ta karye, sauran maganar ta fito da Turanci, sannan ta dawo. "Mun yi magana ɗaya da kai."

"Mun yi."

Da rana ma'aikata suka zo da raga da baƙaƙen ledoji. Yana zaune a kujerarsa suna kwashewa, leda bayan leda, suna lodawa a bayan mota. Wani saurayi a cikinsu ya zo ya tsaya a kan Magajiya yana jiran izini. Baba Issah ya tambaye shi ina za a kai su. Saurayin ya ce juji. Kifin da zai ciyar da zango guda ranar suna, ga shi za a kai juji. Ya kawar da kai, saurayin ya ɗauka.

Kafin mako ya zagayo an kafa allo a bakin ruwan: ba a fatsa, ba a ciyar da kifi ko tsuntsu. Shamsiya ta zo da akwati kamar yadda ta ce. Da ta buɗe firij ta warware baƙar leda don zubar da abincin da ke ciki, sai ya ce zai je ya yi sallama da Davou. Ya kai masa sandar fatsa.

"Ni ɗan dutse, me zan yi da ita, Sarkin Ruwa?"

"Ka daina kirana haka."

Davou ya karɓi sandar da hannu biyu.

Yanzu Baba Issah yana Silver Spring. Tukwanen Ajara suna cikin kwali, matatar tana ƙarƙashin gado. Da safe yakan ja kujera bakin taga ya kalli motocin bas suna tsayawa suna tashi. Wani lokaci Davou yakan kira, su gaisa, su tambayi gwiwa da aiki. Sau ɗaya dattijon ya tambaye shi labarin ruwan, Davou ya ce an sa masa wani inji mai feso ruwa sama, amma har yanzu kore ne. Bai sake tambaya ba.

Shamsiya takan zuba masa abinci kaɗan, ta zauna a gabansa har ya fara ci, sannan ta tafi aiki. Kullum sai ya rage. Yakan ɗauki farantin ya tsaya a tsakiyar kicin, kwandon shara a gefe ɗaya, taga a ɗaya gefen, wadda ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu. Babu akuya, babu kaza, babu ruwa. Sai ya koma ya zauna, ya riƙa tura sauran shinkafar loma-loma, a sanyaye, har ya share farantin da yatsa.